Haƙorin Guntu

Litinin, da yamma

Guntu ya ciji Auta.

Na rubuta na zauna ina kallon rubutun. Bari in faɗi yadda aka yi, ko hankalina zai dawo jikina.

Na dawo daga gidan burodi ko rigar aiki ban cire ba. Auta tana tsakar gida. Shekararta shida, kuma Guntu ya riga ta zuwa gidan nan, karen babanta ne, da gashin bayansa ta riƙe ta koyi tsayuwa. Ta je ta kama fuskarsa da hannu biyu yadda ta saba, tana cewa, "Guntu, yi dariya." Sai na ji ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, sannan na ji ihunta.

Haƙori biyu a gefen tafin hannu, ɗaya ya shiga sosai. Na ja ta bakin famfo na yi ta wankewa da sabulu, ruwa na zuba, har ta gaji da kuka ta koma ajiyar zuciya. Goggo, ƙanwar mahaifin Baban Auta, wadda ta zo zama da mu tun da aka tafi da shi, tana tsaye a kanmu tana ta salati. Guntu kuwa ya shige ƙarƙashin tankin ruwa ya ƙi fitowa.

A asibiti nas ta tambaye ni ko karen yana da rigakafi. Na ce yana da shi. Ta ce yaushe aka yi masa na ƙarshe? Na ce babanta ke kai shi.

"Ya canza hali kwanan nan? Yana cin abinci? Yana dalalar da yawu?"

Na kalli hannun Auta. Ta ɗago kai ta kalle ni, ta ajiye biro.

Ta yi wa Auta allura a dantse, wata kuma a bakin ciwon. Ta ce akwai saura, ta faɗa mini ranakun. Ta ce kada a kashe karen, kada kuma a bari ya gudu, a kai shi asibitin dabbobi su sa masa ido kwana goma. In ya wuce kwana goman lafiya, to ba shi ba ne. Ita ce ta faɗi sunan, ciwon haukan kare. Sau ɗaya zan rubuta shi, ba zan ƙara ba.

Talata, da sassafe

Auta tana barci, hannun a naɗe a kan ƙirjinta.

Na tuna Baban Auta ya ce wata mai zuwa zai kai Guntu allura. Watan ya zo ba ya gida. Ni kuma ban ko tuna ba, kaina yana wani wuri.

Na leƙa ta tagar kicin. Ƙasan idon Guntu na dama ya kumbura, idon ya kusa rufewa. Yawu na zuba daga gefen bakinsa kamar zare. Kwanaki ke nan yana shinshina abinci ya bar shi, na ɗauka kewa ce. Ya taso ya je wurin kwanon ruwansa, ya lasa sau ɗaya, ya ja da baya yana girgiza kai. Ya sake matsowa, ya sake ja da baya.

Na san abin da ake cewa game da wannan ciwon da tsoron ruwa. Na saki labule na zauna a ƙasan kicin.

Talata, bayan azahar

Ban je aiki ba. Gara da ban je ba.

Mai walda na kusa da mu ya zo da mutum biyu, yana riƙe da guntun rodi. Yaransa uku suna wasa a tsakar gidanmu kusan kullum. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko yi sallama da kyau ba.

"Maman Auta, ki shiga ɗaki da yarinyar, yanzu za mu gama."

Na jawo Auta jikina. Wallahi da ni kaɗai ce da na shiga ɗakin.

Goggo ce ta fito. Goggo da ba ta taɓa kiran Guntu da sunansa ba, sai dai "wannan abin", Goggo da take sake wanke duk kwanon da ya wuce ta kusa da shi. Ta zo ta tsaya a tsakiyar ƙofa da butarta a hannu.

"Ɗana, in ka kashe shi, wa zai faɗa mana ko jikata za ta rayu? Kai ne likitan?"

"Goggo, yarana fa."

"Na san yaranka, ni nake ba su ruwa in sun gaji da guje-guje. Asibiti sun ce a sa masa ido. Kana da motar ɗaukar kaya. In kana so ya bar unguwar nan, ajiye ƙarfen ka kawo motar."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ajiye rodin. Ya tafi, ya dawo da wani tsohon keji na waya da aka kawo masa gyara. Na saka rigar Baban Auta a ciki, wadda ban wanke ba. Guntu ya fito daga ƙarƙashin tanki da kansa, ya shiga ya kwanta a kanta. Ba wanda ya taɓa shi.

Talata, da magariba

Likitar dabbobin mace ce, gajera, ba ta da yawan magana. Ta sa safar hannu har gwiwar hannu, ta tsuguna gaban kejin ta haska fuskarsa da tocila. Ta ce in matso in shinshina. Warin ya kusa sa ni amai.

"Tun yaushe bakinsa ke wannan warin?"

Na ce ya daɗe. Na ɗauka haka bakin kare yake.

Ta ce, "Ba haka yake ba. Kumburin nan na ƙasan ido yawanci daga babban haƙorin sama yake tasowa, wanda suke tauna da shi. In ya fashe, ciwo ya bi saiwarsa ya taru a nan. Kare mai ciwon haƙori yana dalala, yana ƙin abinci, ruwan sanyi yana sukarsa, in aka taɓa wurin zai iya cizon ko waye."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na ce, "Ke nan ba shi ba ne?"

"Ban ce ba. Na ce ina zargin haƙori. Ana iya samun duka biyun a kare ɗaya. Ba zan sa hannu a bakinsa ba sai kwana goman sun cika. Zan riƙa saka masa maganin ciwo a abinci. Ke kuma kada ki fasa wa yarinyar allura ko ɗaya."

Dutsen ya dawo inda yake.

Laraba, da yamma

Na koma aiki. Na ƙona tire biyu na burodi. Maigidan aiki ya dai kalle ni. Wadda muke kwaɓa fulawa tare ta ɗauke kofinta daga kusa da nawa. Ta yi kamar gyara wuri take yi.

Alhamis, da rana

Allura ta biyu. Auta ta ce wa nas, "Ba da gangan ya yi ba, ni na matse masa fuska."

Daga asibiti na wuce can gidan yari wurin Baban Auta, na bar ta da Goggo. Na tsaya a layi da ledar kaya, da na kai taga aka ce babu ziyara wannan makon. Na ce lafiya? Mutumin ya ce, "Hajiya, an ce babu." Ya karɓi ledar ya ce za a ba shi.

A hanya na kama kaina ina jin sauƙi, don ban san yadda zan kalle shi in faɗa masa ba. Daga baya sauƙin ya juye ya zama wani abu daban. Ba su taɓa hana ziyara ba.

Juma'a, da safe

Jikin Auta da zafi.

Juma'a, da hantsi

Na kawo mata ruwa a kofi ta kawar da kai. Na ce sha. Ta ce ba ta so. Na ce Auta, sha mana. Ta ture hannuna, ruwan ya zube a kan zanin gado.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga Goggo a kaina. Na riƙe kafaɗun yarinyar ina jijjiga ta ina cewa sai kin sha, sai kin sha, ita kuma tana kuka tana kallona kamar ba ta san ni ba. Goggo ta ɓamɓare hannuna ta tura ni waje ta rufe ƙofa.

Na tsaya a tsakar gida. Ban san iya lokacin da na yi ba. Ina kallon inuwar tankin ruwa.

Sai Goggo ta leƙo ta ce, "Zo ki gani." Auta na zaune a cinyarta tana shan ruwa a murfin fulas, har yana gangarowa ta haɓarta. Wai kofin da na kawo yana warin magani.

Na kira nas. Ta ce zazzaɓi kaɗan bayan allura ba abin tsoro ba ne, kuma ko da abin da nake tsoro ne, ba ya nunawa da wuri haka. Ta ce, "Ke ma ki ci abinci." Na ce to.

Na ba Auta haƙuri. Ta ce, "Mama, kin ba ni tsoro."

Asabar, da yamma

Ta sha ruwa sau da yawa. Ina ƙirgawa a zuci, na kasa dainawa.

Matar mai walda ta hana yaranta shigowa. Auta ta zauna a bakin ƙofa tana jin muryarsu ta bayan katanga.

Lahadi, da rana

Na je ganin Guntu. Yana ɗaki na ƙarshe shi kaɗai, an manna jar takarda a ƙofar. Da ya ji muryata ya tashi yana kaɗa ɗan guntun bindin nan nasa. Likita ta ce kada in sa hannu. Ya rame, amma ta ce ya ci rabin abinci mai laushi jiya, ya kuma sha ruwan ɗumi.

Na ce, "Ya sha?"

"Ya sha."

Ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata abin da yake ci. Na faɗa. Ragowar burodi daga wurin aiki, ina jiƙa shi a shayin da Auta ta rage, da madara da sukari. Shinkafa da miya. In na samu ƙashin ƙafar saniya wurin mahauci, in dafa shi a miya in jefa masa, ya wuni yana gwaguya.

"A da fa?"

A da Baban Auta na sayo masa busasshen abincin karnuka a buhu. Yana ba shi ɗanyen karas. Akwai wani abin roba da yake jefa masa ya yi ta tauna. Duk ƙarshen mako kuma sai ya naɗe yatsa da tsumma ya zauna a kan dakali yana goge masa haƙora, ni ina yi masa dariya ina cewa saura ka saya masa madubi.

Likita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta ce abinci mai laushi da zaƙi yana manne wa haƙori, in ba abin da ke goge shi sai ya daskare ya zama kamar siminti, dasashi ya kumbura ya ja baya. Ƙashi mai tauri kuma shi ke fasa haƙori, dafaffe ya fi muni don yana tsagewa. Ta ce duk abin da ba zan iya lotsa shi da farce ba, ya fi ƙarfin haƙorin kare.

Ta ce, "Akwai wani abu mai tauri da yake tauna ban da ƙashi?"

Sai na tuna. Ƙarfen ƙofar gida. Kullum da yamma, lokacin da mai gidan ya saba dawowa, Guntu yana zuwa ya kwanta a bakin ƙofa ya kama sandar ƙasa da baki ya yi ta gwaguya har duhu ya shiga. Fentin wurin duk ya goge. Watanni ke nan.

Ta ce, "Mai gidan ya yi tafiya ne?"

Na ce eh.

Litinin, da yamma

Allura ta uku. Ta sha ruwa.

Talata, da safe

Na yi mafarki Auta ta buɗe baki ba haƙori ko ɗaya. Na tashi na buɗe leɓenta tana barci. Suna nan. Ɗaya na gaba yana girgiɗi, amma lokacinsa ne.

Laraba, da rana

Duk sanda waya ta yi ƙara a aljihuna sai in saki abin da nake yi. Ko likita ce, ko daga can ne. Yau mai sayar da fulawa ne ya yi kuskuren lamba, na kusa zaginsa.

Alhamis, da yamma

Yau ma babu ziyara. Wata mata da muke haɗuwa a layi ta ce ta ji an yi wani abu a ciki makon jiya. Na ce me? Ta ce ita ma ba ta sani ba. Ta riƙe hannuna, ni da ita ba mu ma san sunan juna ba.

Kwana goman sun cika yau. Ban kira likita ba. Na kasa.

Juma'a, da safe

Ita ta kira. "Yana nan lafiya, yana ci, yana sha, yana haushin duk wanda ya wuce. Ba shi ba ne. Yau zan duba bakin."

Ina tsaye gaban tanda. Na ajiye tire a ƙasa na fita bayan shago na jingina da bango. Ban yi kuka ba. Wadda muke kwaɓa fulawa tare ta biyo ni da ruwa, a kofinta.

Juma'a, da magariba

Na tafi da Goggo. An yi masa allurar barci, an cire haƙori biyu, an kankare sauran. Likita ta nuna mana babban a cikin ɗan faranti. Ya tsage gida biyu daga sama har saiwa, tsakiyarsa baƙi ƙirin. Ta ce ya yi makonni yana fama da shi.

"Kare ba ya nuna ciwo sai ya kai maƙura. Yarinyar ta kama daidai wurin ne."

Goggo ta leƙa farantin ta taɓe baki. "Ni da haƙori shida suka rage mini, ba wanda ya taɓa ɗaukata a mota saboda su."

Likita ta yi dariya, karo na farko da na gani.

Ta ce abinci mai laushi tukuna har wurin ya warke, ba sukari. Daga nan busasshen abinci, karas, abin roba. Burushi mai laushi ko tsumma, kullum in zan iya, kuma kada in kuskura in sa masa man goge bakinmu, yana yi musu illa. Ƙashi kuwa an gama. Ta yi masa rigakafin da ya wuce lokaci.

Asabar, da yamma

Ya dawo gida. Mai walda ne ya ɗauko shi, ban roƙe shi ba. Da zai tafi ya tsuguna ya kalli sandar ƙofa, ya tafi ya dawo da faranti na ƙarfe mai santsi ya liƙe ƙasan ƙofar gaba ɗaya, yadda ba inda baki zai kama.

Auta ta tsaya bayan Goggo tana riƙe da zaninta. Guntu ya matso, ta ja da baya. Ya kwanta a inda yake ya ɗora kai a ƙafafunsa. Na bar su haka.

Litinin, da rana

Nas ta ce tunda karen ya wuce kwanakin lafiya, hankalina ya kwanta. Ciwon hannun ya kame. Auta ta ci alewar da aka ba ta tun a hanya.

Har yanzu in ta ɗauki kofi sai na bar abin da nake yi ina kallonta.

Alhamis, da yamma

An bar ni na shiga wurin Baban Auta.

Ya rame. An yi masa aski. Ya zauna a wancan gefen teburin, ya dafe haɓa, hannun ya kare bakinsa, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya tambayi Auta, ya tambayi Goggo. Na ce duk lafiya. Sannan na faɗa masa komai, tun daga famfo har farantin likita. Na fara da cewa ta warke, don kada ya tsorata. Duk da haka da na kai wurin cizon ya rufe ido.

Ya ce, "Ke kaɗai kika sha wannan duka."

Na ce ba ni kaɗai ba. Na ba shi labarin Goggo a bakin ƙofa da butarta, da maganar haƙoranta shida. Sai ya manta kansa ya yi dariya, hannun ya sauka.

Haƙoransa na sama guda biyu babu. Na kusa da su ya karye rabi. Dasashin ya yi baƙi-baƙi, leɓen ta ciki an ɗinke shi.

Ya ga na gani. Ya mayar da hannun.

"Santsi ne ya kwashe ni a banɗaki."

Wani mai gadi yana tsaye kusa da mu, yana kallon bango.

Na ce, "Allah ya sawwaƙe."

Ya ce amin. Ya ce in riƙa ɗaga leɓen Guntu a hankali, in fara da na baya, in yi masa magana ina gogewa, ya fi tsayawa. Na ce to. Ya ce kada in faɗa wa Goggo. Na ce to. Aka ce lokaci ya yi.

Sai a mota na tuna abin da ke cikin ledar da na kai masa. Soyayyar gyaɗa da busasshen biskit, irin waɗanda na kai makonni biyun da suka wuce.

Juma'a, da safe

Na goge wa Guntu baki da tsumma. Ya tsaya. Auta tana kallo daga bakin ƙofar ɗaki.

Na shiga kicin na tambayi Goggo abin da ake dafa wa wanda ba ya iya tauna, wanda zai kai kwana biyu bai lalace ba. Ta ce ai karen ya kusa warkewa. Na ce eh.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sauko da tukunya.